Masunci Mai Kifi Ɗaya

Ɗantani ba jarumi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi jarumi ne ba. Mutanen Wudil ne suka liƙa masa Soja a bayan suna, ya amsa don ba shi da yadda zai hana su. A Gangaren Kanya aka haife shi, wata 'yar unguwar masunta da ke bakin kogi ta ɓangaren Kano, kafin mutum ya hau gada ya shiga gari. Uwarsa Tani ta rasu yana goye. Ubansa Maikano masunci ne, kakansa ma haka, kuma babu wanda ya taɓa tambayar yaron abin da yake so ya zama.

Tun bai yi famfara ba aka kifa shi a kan gora, wannan ƙaton duma da masunta ke kwanciya a kai su bi ruwa da koma a hannu. Abu biyu Maikano ya dasa masa a ka, da baki da kuma dundu. Na farko, in ruwa ya juya ka har ka rasa gabas, kada ka tsaya neman gaɓa da ido. Ka juya sai ka ji ruwan yana dukan kafaɗarka ta hagu, sannan ka miƙe, gida ka nufa. Na biyu kuwa al'adar unguwar ce. Duk wanda ruwa ya ci ƙarfinsa har wani ya ciro shi da rai, to kifin farko da ya kama ranar da aka buɗe su, wato kamun kifi, bayan damina na wanda ya ciro shi ne, kuma sai kifin ya shiga hannun mai shi kafin ya sake jefa koma. Haka za a yi ta yi duk shekara har ɗayansu ya mutu. A Gangaren Kanya wannan ba wani nauyi ba ne. Gida biyu ko uku mutum zai wuce ya miƙa kifi, a yi masa tsiya, ya koma ruwa.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa aka zo neman samari. Ɗantani dogo ne, ga ƙirji irin na masu jan taru, kuma bai daɗe da auren Yelwa ba. Dalilin tafiyarsa shi kansa bai taɓa tsayawa a kan guda ba. Wani lokaci ya ce takalmin ne ya ba shi sha'awa. Wani lokaci ya ce abokinsa ya raka, aka ce kowa ya shiga layi, ya shiga. Wani lokaci kuma ya ce an gaya musu kafin a yanke gero an gama komai an dawo.

A Zariya aka aske shi, aka koya masa fareti da zagi da yadda ake warware bindiga a mayar. Bai gama gane na ukun ba aka zuba su a jirgin ƙasa, daga nan mota, har Asaba. A can ya fara ganin Kwara. Sauran kuratan suna ta zancen igwar da ke tsallake, shi kuwa ya tsaya baki buɗe yana tunanin irin kifin da zai zauna a ruwa mai wannan faɗi.

Gadar kogin an riga an karya ta, sai aka loda su a jirgin fito, mutane da motoci da gangunan fetur, za a ƙetara Anacha. Suna tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta. Abin da ya tuna shi ne ƙara, sai kuma ya ga kansa a cikin ruwa, kunnensa ɗaya ya toshe, kuma har ya mutu kunnen bai buɗe ba. Ya saki bindiga, ya kwaɓe takalmin nan da ya yi sha'awa, ya cafki wata jarka da ke yawo ya kife a kanta kamar gora. Hayaƙi ya rufe ko'ina, ba gabas ba yamma. Mutane suna kiran uwayensu da harsuna iri-iri. Sai jikinsa ya yi abin da aka koya masa: ya juya har ruwa ya doki kafaɗar hagu, ya miƙe. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan dabara ta kogin Wudil ce da mutanen Gangaren Kanya kaɗai. A Kwara, kafaɗar hagu gaɓar 'yan Biyafara take kai mutum.

Ruwan ya ja shi kudu nesa da Anacha. Jarkar tana da huji, ta yi ta sha har ta nutse, shi ma ya bi ta a bakin wata ciyawar ruwa, ƙafafunsa sun daina jin magana. Can ya ji an damƙi wuyan rigarsa.

Wani tsohon masunci ne, Ibo, shi kaɗai a kwalekwale. Ya jawo shi kamar buhu, ya taka masa ciki har ya amayar da ruwa, ya tuɓe masa kaki ya ɗaura wa dutse ya jefa. Sannan ya kai shi wata bukka a tsibirin yashi, can bayan ciyawa, inda yake banda kifi. Kada a ɗauka tausayi ne zalla. 'Ya'yan tsohon maza duk sun tafi yaƙi, yana da taru amma ba shi da mai ja, kuma ya ga hannun Ɗantani ya gane hannun masunci ne. A ƙauyensu ya ce bebe ya tsinta. Mutanen ƙauyen ba wawaye ba ne, amma tun da beben ya zo kifi ya ƙaru, ga shi gishiri ya ɓace, yara sun fara kumburi gashinsu yana ja. Sai kowa ya yarda bebe ne.

Fiye da shekara Ɗantani yana wannan tsibiri. Ba ya jin harshen tsohon, tsohon ba ya jin nasa. Kowa Papa yake ce masa, shi ma ya bi sahu a ransa. Yawancin abin da ya sani na mutumin bayansa ne, domin tsohon a gaba yake zama a kwalekwale, shi yana baya da filafili. Ya san ƙeyarsa, da yadda yake tofar da yawu ta gefen dama, da gurnanin da yake yi in an saki taru da wuri. In Ɗantani ya tsaya salla, tsohon yakan juya baya ya ci gaba da ɗinkin taru. Lokaci-lokaci sojojin Biyafara sukan zo ƙauyen su kwashi rabin bandar. Wato kifin da sojan Najeriya ya kama shi sojan Biyafara ke ci ya samu ƙarfin harbin sojan Najeriya. Ɗantani ya sha juya wannan a ransa, bai taɓa samun inda zai ajiye shi ba.

Da ƙarar igwa ta matso, wata safiya tsohon ya tuƙa shi zuwa ɗaya gaɓar, ya nuna masa hanya da haɓa, ya tura kwalekwalensa baya. Ba su yi sallama ba, don ba su da kalmar yi.

Sojojin da ya faɗa hannunsu suka fara da duka, sannan suka yi tambaya. Wani hafsa ya ce ɗan leƙen asiri ne, wani ya ce gudu ya yi, wani saje mutumin Gaya ya ji Hausarsa ya ce wannan ko an aike shi leƙen asiri ba zai gane abin da ya gani ba. Aka sake ba shi kaki, aka haɗa shi da kuku. Ya ƙarasa yaƙin yana ɗaukar akwatunan harsashi da wanke tukwane. Iya saninsa bai taɓa harbin mutum ba. Bayan an gama aka sallame shi saboda kunnen.

Ya iske Maikano ya rasu. Yelwa tana nan, tana suyar kifi a tashar bakin gada. Ba a aiko mata ya mutu ba, ba a aiko yana raye ba, ta zauna, ba don so ya kashe ta ba sai don babu alƙalin da ya ce ta tashi. Gorar Maikano tana rataye a zauren ƙanensa, Baffa Ƙasimu, wanda shi ne babba a unguwar yanzu. A hannunsa kuma gurbin Kan Dutse yake, wurin nan mai zurfi da gidan Maikano ke su tun kakanni.

Ranar da ya dawo aka cika zaure, ana so a ji mutum nawa ya kashe. Ya ba su labarin yadda yake, bai rage ba bai ƙara ba. Wani ya gyara masa, ya ce wato kama shi aka yi, fursuna.

"Ba kama ni aka yi ba," in ji Ɗantani. "Ciro ni aka yi."

Mutanen gari suka zaɓi fursunan, daga baya ma suka mayar da shi wanda ya ƙetare Kwara da iyo da bindiga a baki. Masunta kuwa sun ji kalmar da ya faɗa, amma babu wanda ya bi ta zuwa ƙarshenta sai ranar da aka buɗe su. Ɗantani ya ari gora, ya shiga tare da kowa, jefawar farko ya fito da tarwaɗa. Ya dube ta. Sai aka ga ya juyo gaɓa, ya fito ya tsaya da kifi a hannu ruwa yana ɗiga daga wandonsa, sauran suna ta kamu a bayansa.

Baffa Ƙasimu ya fara cewa shirme ne. Al'adar ta mutanen wannan kogi ce, wanda ya ciro shi kuwa ba ɗan kogin ba ne, ba ya salla, kuma da shi aka yi yaƙi. Ya ce Ɗantani ya koma ruwa. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa jin an ce ruwa yana tambayar addinin hannu ba. Aka tafi wurin liman, Malam Halliru, ya ce wannan ba ya cikin littafi ko kaɗan, ya ci kifinsa. Da suka miƙe za su tafi kuma ya ƙara da cewa amma butulci haramun ne, kuma wanda ya ceci rai yana da haƙƙi ko wane ne shi. Ɗantani ya tambaya to ya ci ko kada ya ci. Malam ya ce ya yi sadaka da shi. Ya tambaya ladan sadakar zai tafi ga wa. Malam ya ce lokacin la'asar ya yi.

Ɗantani ya bi maganar Baffa ya koma ruwa. A cikin makon nan ƙyanda ta kama Talatu, jaririyar da Yelwa ta haifa masa bayan dawowarsa, har aka fid da rai. Rabin yaran unguwar ta kama a lokacin, har da na waɗanda ba a taɓa cirowa daga ko rijiya ba, amma babu wanda ya kawo wannan a zance. Baffa Ƙasimu ya zo da kansa ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Kifi sai ya shiga hannun mai shi, kuma gorar Maikano ba za ta sauko ba sai an yi haka. Yarinyar ta warke. Ɗantani bai san ko don ya fita daga ruwa ta warke ba, ko dama za ta warke.

Daga nan ya zama masunci mai kifi ɗaya. Duk shekara ya shiga ranar buɗe su, ya kama guda, ya fito. Yelwa ta banda shi har ya yi ƙarau, ya naɗe a takardar siminti ya kai kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, wurin Labaran, direban babbar motar roka da ke kai shanu Anacha. Kwatancen da yake ba shi shi ne: tsoho, masunci, kudu da gari, akwai rimi a mashigar ƙauyen da coci marar rufi. Shekarar farko Labaran ya dawo ya ce ya ba wani tsoho a gindin gada, har ya yi godiya. Da aka matsa masa ya ce tsohon facin taya yake yi. Shekara ta biyu ya ce yaran mota sun cinye tun a Lakwaja, yana faɗa yana dariya. Ta uku ya riƙe ƙunshin ya ce, "Soja, tsofaffin Anacha sun fi shanun karar nan yawa. Ka ba ni suna ko ka ba ni barkono in ci abina."

A waɗannan shekarun ne kuɗin mai suka shigo. Kowane malamin makaranta ya sayi babur, rediyo ta cika tasha, motocin siminti suna wucewa ta gada ba dare ba rana. Samarin Gangaren Kanya suka fara ajiye koma suna tafiya Bompai aikin kamfani. Aka gama madatsar Tiga, kogin ya daina bin damina sosai, wani lokaci ya cika da rani, wani lokaci ya janye ana tsaka da su. Har kifin ƙanƙara aka fara kawowa daga Kano a kwali. Wani kamfanin hanya ya ɗauki Ɗantani gadi saboda an ce tsohon soja ne, aka ba shi kulki da kujera. Yakan zauna a bakin ƙofa, kogi yana gabansa, yana kallon ƙannensa a kan gora. Yelwa kuwa, matar ɗan Maikano, a hannun waɗannan ƙannen take sarin kifin da take soyawa, su kuma ba sa rage mata ko sisi, sai dai su tambaye ta ina Soja da kifinsa.

Shekarar da aka kashe shugaban ƙasa a Ikko, Baffa Ƙasimu ya kira shi bayan buɗe su. Ya ce gora ba ta zama a rataye har abada, tsagewa take yi, kuma gurbi ba ya zama babu mai shi. In ruwa ya janye daga Kan Dutse bana bai sauke nauyin nan ba, zai ba Ya'u gorar da gurbin. Ya'u ɗan Baffa ne na cikinsa, kuma kowa ya lura da haka, amma maganar ba ta da inda za a kama ta.

Yelwa ce ta yanke. Tana juya tarwaɗar bana a kan wayar banda ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ko ka kai wa mutumin nan kifinsa da ƙafarka, ko ka zauna ka cinye a gabana mu ga abin da zai faru. Ni na gaji da yi wa Ya'u sannu da ruwa."

Juma'ar da ta biyo ya hau motar Labaran. Gaba ta cika da dillalai, sai aka ba shi katako a saman shanu, ƙaho yana zungurar tafin ƙafarsa, kifin yana cikin riga a ƙirjinsa. Duk inda aka tsaya Labaran sai ya leƙo ya tambaya ko amaryar, wato kifin, tana lafiya. Hanyar ba ta yi kama da wadda ya bi a kaki ba. Da suka iso, gadar da ya bari a karye an gyara ta, motoci suna ta gudu a kai, kuma a daidai inda jirginsu ya ƙone wasu mata ne ke wucewa da kwalekwale cike da doya.

Hausawan bakin gada suka haɗa shi da wani Banufe mai jirgin inji, wanda ke jin Hausa da Ibo, kowanne rabi-rabi. Suka gangara kudu. Nan Ɗantani ya gane kwatancensa ba kwatance ba ne. Kowane ƙauye da riminsa. Kowace coci an rufe ta da sabon kwano. Tsibirin yashi kuwa, in ji Banufen, duk ambaliya sai ya tashi ya koma wani wuri, wanda ya nema ya yi shekaru da zama ruwa. Ga shi kuma bai taɓa ganin ƙauyen sosai ba, daga bayan ciyawa yake hango shi.

A ƙauyen farko aka ce ba su san zancen ba, aka kuma tsaya ana kallonsu har suka tura jirgi. A na biyu wata mata ta ce ƙwarai an taɓa tsintar Bahaushe a nan, ta nuna musu inda aka binne shi. Ɗantani ya tsaya a kan wurin ya yi wa mutumin addu'a, yana jin wani iri, kamar ya zo ta'aziyyar kansa. A na uku aka yi ta muhawara, sannan aka kai su bayan wani gida inda wani tsoho ke kwance a benci a inuwa.

Ya ƙanƙance, ba haƙori, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Ɗantani ya duba fuskar bai samu komai ba, domin dama ba fuskar ya sani ba. Ya zagaya ta baya ya dubi ƙeyar, mutane suna mamaki. Ƙeyar tsoho ce. Ya jira ya ga ta inda zai tofar da yawu, tsohon bai tofar ba.

Banufen ya yi tambaya, tsohon ya daɗe yana magana. Ya ce a shekarar nan ya ciro mutane da yawa, na wannan ɓangare da na wancan, galibi gawa. Mai rai fa? Akwai wani dogo, mai ci kamar gara. Ɗantani ya matso kusa, don shi dogo ne kuma ya san cikinsa. Tsohon ya ci gaba, ya ce wannan dogon ɓarawo ne, da zai tafi ya gudu masa da filafili mai kyau. Ɗantani ya ce shi bai ɗauki filafili ba. Ya sake tunani. Ya tuna yana hawan gaɓa yana dogara wani abu, amma ko sanda ce ko filafili, ba zai rantse ba. Sai surukar tsohon ta ja Banufen gefe ta ce kada su wahalar da kansu, tun bara duk abin da aka tambaye shi e yake cewa, ran nan ma ya ce shi ya gina gadar.

Ɗantani ya tsuguna. Ya fito da ƙunshin, ya warware, ya shiga bayanin al'adar Gangaren Kanya tun daga farko, da tarwaɗar shekarar farko, da ƙyanda, da Labaran, da gorar da ke rataye. Banufen ya saurara har ƙarshe, ya juya ya faɗa wa tsohon kalmomin da ba su fi biyar ba. Ɗantani ya tambaye shi me ya ce.

"Na ce ka kawo masa kifi."

Tsohon ya miƙo hannu biyu. Ya shafa kifin daga kai zuwa wutsiya, ya kama gashin bakin, ya shinshina. Ya yi gurnani. Ɗantani ya karkato kunnensa mai ji, amma gurnanin ya riga ya wuce. Tsohon ya ce wuta ta yi yawa, wanda ya banda wannan gaggawa yake yi. Ya karye kan ya sa a baki yana tsotsa, ya ƙanƙame sauran a ƙirji don kada jikoki su kai hannu. Da suka tashi tafiya ya ce wani abu, mutane suka yi dariya. Banufen ya ce cewa ya yi baɗi a kawo wanda ya fi wannan girma, a haɗo da filafilin.

A jirgi Banufen ya tambaye shi ko shi ne. Ɗantani ya ce akwai wasu ƙauyukan a gaba? Ya ce akwai, har teku. Ɗantani ya dubi hannunsa, babu kifi, ya ce su juya.

Ya iso Wudil a saman buhunan goro, ruwan Kan Dutse ya fara ja amma bai janye ba. Bai shiga gida ba, ya wuce zauren Baffa Ƙasimu. Ya'u yana nan zaune. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da mutanen hanya.

"Ka same shi?" in ji Baffa.

"Na sami tsoho, Baffa. Masunci ne. Ya ce ya ciro dogo."

"Shi ne?"

"Ya karɓa da hannunsa. Ya ci a gabana."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, ɗan nan."

"Na sani, Baffa."

Ya'u ya ce ai wannan da tsohon facin Labaran duk ɗaya ne. Baffa ya daɗe yana kallon ɗan wansa, da kumburarrun ƙafafu da kashin shanu a bakin wando. Ko ya gamsu ne, ko kunya ce ta kama shi, ko kuwa shi ma ya gaji da zancen, bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa Ya'u ya miƙe ya sauko da gorar.

Washegari Ɗantani ya mayar wa kamfani kulkinsu. Ya kife a kan gorar ubansa ya shiga Kan Dutse, ya jefa koma, ya fito da 'yar karfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Ya daɗe riƙe da ita yana jiran ya ji wani abu, a jikinsa ko daga gida. Bai ji komai ba sai Yelwa daga gaɓa tana tambaya ko ita ma Anacha za a kai ta. Ya jefa ta cikin gora ya sake jefa koma.

Bai yi arziki da su ba, kogin ya riga ya canza. Ya dai ci, ya ciyar, ya aurar da Talatu. Shekara biyu yana aika tarwaɗa ta hannun Labaran zuwa ga Banufen, har da sabon filafili a karo na farko. A ta uku saƙo ya dawo cewa tsohon ya mutu. Masunta suka ce to ya huta, nauyi ya sauka. Shi kuwa ya ce in wancan ne. Har ƙarfinsa ya ƙare, ranar buɗe su ba ya cin kifin farko, ba ya kuma sayarwa. Yakan miƙa wa duk baƙon da ya fara gani a tasha ya fito daga kudu, ba tare da bayani ba, ya koma ruwa ya bar mutum tsaye da ɗanyen kifi a hannu.